Gasar Badujalar Matasa a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi kan Filayen Wasa da Rigimar Lasifika

Duk bazara, daga ƙarshen watan Yuni zuwa tsakiyar Agusta, dubban matasa a Amurka kan bar gidajen iyayensu su shiga manyan motocin safa, suna yawo jiha-jiha da ganguna da kayan busa da tutoci, suna fafatawa a filayen ƙwallo. Hukumar da ke shirya babbar gasar ita ce Drum Corps International, wadda kowa ke kira DCI. Shekara 20 ke nan da ɗoriya masoya wannan wasa suna ja-in-ja a kan abu guda: shin ya dace a sa lasifika a wasan da aka san shi da ƙarfin huhu da damtse? Ga amsoshin tambayoyin da sabon shiga ya fi yi.

Wane irin wasa ne wannan? Ba faretin soja ba ne?

Daga faretin soja ya samo asali, amma ya yi nisa da shi yanzu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Amurka da suka dawo gida sun shiga ƙungiyoyin tsofaffin soji, manya a ciki su ne American Legion da VFW. Rassan waɗannan ƙungiyoyi, da majami'u, da 'yan sikawut, suka riƙa tara yaran unguwa suna koya musu ganga da begila, don fareti kuma don a raba su da zaman banza. Da aka yi yawa sai aka fara gasa.

Yau runduna guda tana da sassa huɗu. Akwai mabusa, wajen mutum 80 a manyan rundunoni, kuma duk kayansu na tagulla ne. Akwai makaɗan da ke tafiya da gangunansu rataye a jiki. Akwai makaɗan bakin fili, waɗanda ba sa motsawa saboda nauyin kayansu, irin su marimba da bibrafon (jerin katakai ko ƙarafa da ake bugawa da sanduna) da manyan tambura. Sai masu tuta, da ke rawa suna cilla tutoci da bindigogin katako da takubba sama suna cafewa. Wasan kowace runduna yakan ɗauki kimanin minti 11 zuwa 12. A cikin wannan ɗan lokaci mabusa na gudu, wani sa'in da baya da baya, suna zana siffofi a fili, kuma ba a yarda numfashi ya nuna a cikin busar ba.

Su wa ke yi, kuma me suke samu?

Matasa ne 'yan ƙasa da shekara 22, yawancinsu ɗaliban jami'a ko na ajin ƙarshe a sakandare. Wanda shekarunsa suka cika sai ya sauka, ko da shi ne gwanin gwanaye. Ba a biyansu ko sisi. Su ne ma ke biyan dubban daloli kafin a ɗauke su, bayan sun tsallake gwajin da ake yi tun lokacin sanyi. Barci a ƙasan ɗakin motsa jiki na makarantu, a kan katifar iska. Abinci daga motar girki da ke bin ayari. Atisaye kuwa yakan kai awa 10 zuwa 12 a rana a cikin zafin bazara, da gorar ruwa a gefen layi.

Yawan mutanen da aka yarda runduna ta shiga fili da su ya yi ta ƙaruwa: ya daɗe a 128, ya koma 135, ya kai 150 a 2008, yanzu 165 ne tun 2022. Akwai kuma rukunin da ba ruwansa da shekaru, inda magidanta ke yi a ƙarshen mako, amma ba shi ne ake cika fili dominsa ba.

Yaushe DCI ta fara, kuma me ya kawo ta?

Rundunoni 13 ne suka haɗa kai a 1971, domin sun gaji da yadda ƙungiyoyin tsofaffin soji ke riƙe da dokoki da alƙalanci da kuɗin ƙofa, alhali su ke shan wahalar. Gasar farko an yi ta a 1972 a garin Whitewater na jihar Wiskonsin, Anaheim Kingsmen ta lashe. Abin lura shi ne tun ranar da aka kafa ta, shugabannin rundunonin ne da kansu ke kaɗa ƙuri'a a kan dokoki. Saboda haka duk canjin da tsofaffin masoya ke kuka da shi, ba wani ne ya ɗora musu daga waje ba. 'Yan gida ne suka zaɓa.

Ta yaya ake ba da maki?

Maki 100 ne. Kashi 40 na tasirin wasan gaba ɗaya a kan mai kallo, 30 na abin da ido ke gani, 30 na kiɗa da busa. A da alƙali yana yawo ne da takarda yana ƙirga kurakurai, kowane kuskure a zaftare maki. An bar wannan tsari a 1984 aka koma auna wahalar abin da aka tsara da kuma yadda aka iya shi. Tazarar da ke raba na ɗaya da na biyu takan zama ƙanƙanuwa ƙwarai: a 2008 Phantom Regiment ta doke Blue Devils da 0.025 kacal. Maki mafi girma a tarihin gasar shi ne 99.65, wanda Blue Devils ta garin Concord a Kalifoniya ta samu a 2014. Ita ce kuma ta fi kowa kofuna, sama da 20.

A ina ake yin wasan ƙarshe?

Tun 2009 a filin Lucas Oil da ke Indiyanapolis ake yi, filin ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Colts, a mako na biyu na Agusta. Ranar Alhamis kowa ya gwada, Juma'a rundunoni 25 su rage, Asabar 12 su kara a wasan ƙarshe. Gefe ɗaya na filin kawai ake sayar wa 'yan kallo, tunda wasan fuska ɗaya yake kallo, kuma mutanen da ke cika wannan gefen ranar Asabar sukan haura dubu 20.

Kafin nan gasar yawo take yi. Ta je Denba, ta je Montiriyal ta Kanada a 1981 da 1982, ta sha zuwa filin Camp Randall na Madison, ta je Orlando, ta je Rose Bowl na Pasadena a 2007. A 2008 an so a fara a Lucas Oil amma ginin bai kammala ba, sai aka yi a Bloomington, a buɗaɗɗen fili. Wannan ne karo na ƙarshe da aka ɗaga kofi a ƙarƙashin sararin sama.

A tsakiyar zango kuma akwai manyan haɗuwa da kowace babbar runduna ke halarta: Alamodome a San Antoniyo ta Teksas, wanda rufaffe ne, da Atlanta, da tsohon filin J. Birney Crum a Allentown ta Fensilbeniya, wanda yake buɗe kuma tsofaffin masoya ke ji da shi kamar me. Sauran wasannin kuwa a ƙananan filayen makarantu ake yinsu, inda mai kallo ke zaune dab da mabusa.

Me ya sa aka maƙale a fili ɗaya mai rufi?

Dalilan a bayyane suke, kuma ba na raina su. Ruwan sama ba ya ɓata wasan ƙarshe. Iska ba ta kwashe tutar da aka cilla sama. Zafin Agusta ba ya kayar da yara. Hukumar ta mayar da hedikwatarta Indiyanapolis, garin yana tsakiyar ƙasa, otal-otal na kusa da filin, kuma an san kuɗin haya shekaru masu zuwa. Rufin filin yana buɗuwa, amma a rufe ake barinsa lokacin gasar.

Kunne ne ya biya kuɗin wannan sauƙi. A buɗaɗɗen fili, idan mabusa 80 suka saki busa suka yanke lokaci guda, sai ka ji shiru tsaf, kuma wannan yankewar na daga cikin abin da ake zuwa ji. A rufaffen gini sautin yana bugun kankare da ƙarfen rufi ya dawo, ya hau kan wanda ke biye da shi. Saurin gangar nan da yara suka shafe wata uku suna gyarawa sai ya cakuɗe. Ana rataya manyan labule a bayan filin don su shanye amsa-kuwwar, kuma sun taimaka, amma wanda ya sayi kujera a can sama ko a gefe ya san bambancin.

A nan ne maganar fili ta haɗu da maganar lasifika. Mai tsara wasa ya san inda za a yanke masa hukunci na ƙarshe, don haka tun watan Disamba yake rubuta kiɗan da zai fito a wannan gini. Gini mai cinye ƙananan sautuka kuwa shi ke tura mutum neman makirufo.

To yaushe lasifika ta shigo?

An amince da ita a taron dokoki na farkon 2003, ta fara aiki a zangon 2004. George Hopkins, wanda ke shugabantar rundunar The Cadets a lokacin, ya daɗe yana kawo shawarar ana watsi da ita kafin ta wuce. Da farko an taƙaita ta ga makaɗan bakin fili da muryar ɗan Adam. A 2009 aka buɗe ƙofa ga kayan lantarki, wato fiyano mai kwaikwayon kowane irin sauti da na'urar da ke sakin sautin da aka naɗa tun da farko. Daga nan mai busa shi kaɗai ya samu makirufo, sannan ƙananan gungu, har aka kai ga jera makirufo a bakin layi suna ɗauko busar runduna kusan gaba ɗaya.

Ba wannan ne canji na farko da ya ta da ƙura ba. Begilar asali ba ta da madanni ko ɗaya. Aka sa ɗaya, aka sa biyu, aka kai uku a 1990. Duk wannan lokaci a ma'aunin murya na G ake ƙera ta, mai kaifi da tsananin ƙara. A 2000 aka halatta kowane ma'auni, manyan rundunoni suka koma irin kayan busar da ake koyarwa a makarantu. A 2014 aka shigo da turombon da sauran dangin tagulla. Kowane mataki an ce wasan ya mutu. Sai dai lasifika ta bambanta da sauran, domin duk waɗancan canje-canje sun bar sautin yana fitowa daga jikin yaro kai tsaye zuwa kunnen mai sauraro, ita kuwa ta sa na'ura a tsakani.

Mene ne hujjar masu goyon baya?

Hujjarsu mafi ƙarfi tana bakin fili. Marimba kayan kiɗan ɗaki ne: jerin katakai da aka daidaita muryoyinsu, da bututu a ƙarƙashin kowanne, ana bugawa da sanduna masu kan zare. Kafin 2004, don a ji ta a saman fili, dole yaro ya ɗauki sanda mai taurin kai ya ɗaga hannu har kafaɗa ya maka. Katakan na tsagewa, wuyan hannu na ciwo, kuma abin da ke isa kunne ƙwas-ƙwas ne kawai, zaƙin katakon ya tsaya a ƙasa. Malaman jami'a kan yi ƙorafin cewa ɗalibi ya dawo daga bazara da hannun da sai an sake gyara shi. Da aka sa makirufo a ƙarƙashin katakan, yaro ya koma riƙe sanduna huɗu masu laushi yana bugawa yadda aka koya masa, kuma na kujerar ƙarshe yana jin ƙasan muryar. Wannan riba ce ta gaske, kuma ko masu adawa da yawa sun sallama a kanta.

Hujja ta biyu ita ce 'yancin mai tsarawa. Yanzu mai busa shi kaɗai na iya tsayawa can ƙarshen fili ya yi busa a hankali kamar raɗa, a ji shi. Rundunar Bluecoats ta Canton a jihar Ohayo ta nuna iyakar abin da za a iya: a 2014 ta haɗa busa da lantarki ta yadda sautin runduna ya zame daga wata murya zuwa wata ba tare da an gane inda mabusa suka tsaya na'ura ta karɓa ba, filin kuwa ya ɗauki sowa. A 2016 ta baza lasifikoki a cikin filin kanta, ta kuma ci kofinta na farko. Ta uku, suna cewa yaran da ke shigowa yau a cikin irin wannan sauti suka tashi, kuma bandunan makarantunsu, wato ƙungiyoyin badujala na makaranta, sun riga DCI amfani da lantarki da shekaru.

Masu adawa fa?

Matasa na yi musu laƙabi da dainoso, dabbar nan da ta ƙare tun zamanin da, wai zamaninsu ya wuce, amma maganarsu tana da nauyi. Abin da ya sa mutum ke tuƙa mota awa shida ya je kallo shi ne lokacin da mabusa suka juyo gaba suka saki duk abin da ke ƙirjinsu, har ka ji benci na rawa a ƙarƙashinka, kana kuma sane cewa numfashin mutane ne zalla. Idan fiyano na ninka muryar manyan kayan busa daga ƙasa, ta cikin lasifikar da ta kai girman firji, wa ya san nawa ne na yara nawa ne na soket? Wannan kukan ba baƙo ba ne a kunnen wanda ya ga yadda fiyano ɗaya ya maye gurbin masu kalangu a gidajen biki.

Sai batun adalci a alƙalanci. Daidaita sauti, wato kada wani sashe ya danne wani, fasaha ce da ake ba maki a kanta. A da yara ne ke yin ta da kunnensu. Yanzu wani babban mutum ma'aikacin runduna, wanda ba ya cikin masu gasa, yana riƙe da na'ura yana ɗaga wannan yana sauke wancan. Idan aka ɗora makirufo a kan gwanaye goma aka ɗaga su sama da saura, raunin sauran ya ɓuya. Makin na wa ke nan?

Akwai kuɗi. Lasifikoki, makirufo marasa waya, na'urar haɗa sauti, injiniya, da wurin ɗaukarsu a mota, duk ƙari ne a kan kasafin da tuni ya yi wa ƙananan rundunoni nauyi. A shekarun 1970 rundunonin matasa ɗaruruwa ne a Amurka da Kanada, yau 'yan gomomi suka rage. Ba lasifika ce ta kashe su ba, tsadar tafiya da janyewar majami'u da ƙungiyoyin tsofaffin soji sun riga ta, amma ta ƙara faɗin ramin da ke tsakanin mai hali da marar hali.

Akwai kuma lalacewa. Waya ta tsinke, batir ya mutu, makirufo ya yi ƙugi, yayyafi ya sauko a buɗaɗɗen fili. Yarinya ta yi wata uku tana gyara waƙarta, daren da ya fi muhimmanci bakinta na motsi ba a jin komai, kuma ba laifinta ba ne.

Me ya sa maganar murya ta fi tayar da hankali?

Domin ita ce ta fara bayyana ƙarara. A zangon farko, 2004, Carolina Crown ta sa waƙa da baitoci, Boston Crusaders ta sa mai ba da labari. A 2007 The Cadets ta cika wasanta da magana, har wasu 'yan kallo suka riƙa yi mata ihu, abin da bai kyautu a yi wa yara ba ko da mutum ya ƙi tsarin. Ƙorafin shi ne ana gaya wa mai kallo abin da zai ji a ransa maimakon a bar kiɗan ya sa shi ji. Amma a 2013 Carolina Crown ta ci kofinta na farko da wasan da ke da muryoyi a ciki, kuma mabusanta na wannan shekara na cikin waɗanda aka fi yabo a tarihin gasar. Murya ba ta hana busa kyau ba a wurin wanda ya san inda zai sa ta.

Lasifika tana sauƙaƙa wa yara aiki ne?

A'a, wani wajen ma ƙara musu take yi. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Daga bayan fili zuwa gaba kusan mita 49 ne, wato sautin na baya yana makara da kusan kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa. A kiɗa mai sauri wannan ya kusa rabin bugu. Shi ya sa na baya ke bin hannun jagoran da ke tsaye kan dandamali da ido, ba ya bin kunnensa, na gaba kuma yana sauraron gangunan da ke bayansa ya jira su iso. To ka sa wa na baya makirufo: sautinsa zai fito daga lasifikar gaba nan take, ya riga sautinsa na ainihi isowa. Dole injiniya ya jinkirta shi daidai da nisan, kuma nisan na canjawa tunda yaron tafiya yake yi. Lissafin da ya yi daidai a filin makaranta a daren Talata ba lallai ya yi daidai a Alamodome ranar Asabar ba.

Ina gaskiya take a wannan rigima?

A ganina tambayar ko a sa ko kada a sa ta riga ta wuce, ba wanda zai mayar da marimba zamanin maka. Tambayar da ta rage ita ce me ake ɗagawa. Idan makirufo na isar da abin da yaro ke yi a wannan lokacin da hannunsa ko bakinsa, wanda nisa zai haɗiye, ina maraba da shi. Idan kuwa yana ƙara wa mabusa 80 kaurin da ba su busa ba, ko yana sakin muryar da aka naɗa a sutudiyo a watan Mayu, to an tauye yaran da suka biya kuɗi suka sha rana don a ji su. Runduna mai mabusa 80 ba ta buƙatar taimakon soket don ta yi ƙara. Zan so alƙalan kiɗa su riƙa hukunta sautin lantarkin da ya danne busa da irin tsananin da suke hukunta layin da ya karkace, kuma a sa iyaka bayyananna a kan yawan mabusan da za a ɗaga lokaci guda.

Za a shigo da sarewa da dangoginta nan gaba?

Har yanzu ba a halatta su a matsayin sashen runduna ba, kuma an taɓa kawo shawarar aka ƙi. Amma lasifika ta rushe tsohuwar hujjar cewa ba za a ji su a fili ba, shi ya sa duk lokacin taron dokoki maganar ke dawowa. Ga masoya da yawa wannan ne layi na ƙarshe da ya raba wasan da bandin makaranta.

Wanda ke nesa ta yaya zai kalla, kuma wanda ya samu zuwa ina zai zauna?

Ana nuna wasannin kai tsaye a intanet ta shafin FloMarching ga wanda ya biya, kuma akwai gajerun bidiyoyi da yawa a YouTube, musamman na atisayen makaɗa a wurin ajiye motoci kafin shiga fili. Sai dai a sani cewa sautin bidiyo an riga an tace shi, ba zai nuna maka abin da ake rigima a kai ba, kuma lasifikar waya ba ta ɗaukar ƙasan busar. A sa abin kunne mai kyau.

Wanda Allah ya kai shi Amurka a bazara, ya nemi kujera kusa da layin tsakiya. Ƙasa-ƙasa an fi jin ƙarfin busa amma lasifikokin bakin fili na dukan fuska, sama kuma an fi ganin zane amma a rufaffen gini amsa-kuwwa ta fi yawa. Tsaka-tsaki ya fi. In da hali a ga runduna guda sau biyu, sau ɗaya a buɗaɗɗen fili irin na Allentown a farkon Agusta, sau ɗaya a Lucas Oil mako guda bayan haka. Tikitin tsakiya na daren Asabar yakan ƙare watanni kafin ranar, don haka a nema da wuri.